Wane shayi ya dace da wane abinci? Amsa ga wata mai girkin biki a Katsina

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni ina sana'ar girkin biki da walima ne anan Kofar Kaura cikin Katsina. Ina yawan kallon bidiyon girki a YouTube sai nake ganin Turawa kowane abinci da kalar giyar inabin da suke haɗa shi da ita, wai ta Faransa daban ta Italiya daban, har ɗanɗanawa suke yi suna bada maki. Mu dai Allah Ya tsare mu da giya, amma tsarin ya burge ni. Akwai yadda zan yi irin wannan da shayi ko abin sha na halal don in bambanta aikina da na sauran? Ina da walimar mutum kusan 150 nan gaba kaɗan, akwai gasasshen nama, masa, kifi da kayan gara.

Amsa: Wa'alaikumussalam Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah Ya sa ma sana'a albarka. Amsar a taƙaice eh akwai, kuma wallahi ba ƙaramin daɗin tambayar nan naji ba, don abin ya daɗe yana damuna yadda za a kashe kuɗi a yi girki na gani na faɗa amma idan aka zo wajen abin sha sai a dire fulas ɗaya na shayi mai madara da siga kamar zuma, ko katan ɗin lemun kwalba, shikenan kowa ya kora da shi ko nama yaci ko alkaki.

Abinda kika gani suna yi ba wani sirri bane na giya, harshe ne da yadda Allah Ya halicce shi. Jar giyar inabi irin ta Bodo a Faransa suna haɗa ta da jan nama saboda tana da bauri, baurin kuma daga wani sinadari ne da ake kira tanin wanda ke cikin ɓawon inabi da ƙwayarshi. Farar kuma suna haɗa ta da kifi saboda tsaminta. Mai zaƙi su ajiye ta sai wajen kayan zaƙi. To wannan baurin dai shi ne a cikin ganyen shayi, tsamin kuma ga shi nan a zoɓo da tsamiya da lemun tsami, don haka babu abinda ya hana ki yi tsarin nan tsaf ba tare da kin kusanci haram ba. Abu ɗaya da zan ja kunnenki, waɗannan kwalaben masu kama da na giya da ake jerawa a teburin amarya iri biyu ne. Akwai ruwan inabi zalla mai gas wanda bai taɓa zama giya ba, akwai kuma wanda giya ce aka yi ta sannan aka cire barasar, kuma irin wannan na biyun a ƙasashe da yawa doka ta yarda ya rage har kashi 0.5 cikin ɗari. Ki riƙa karanta jikin kwalba kafin ki sawo katan.

Bari in tsaya kan baurin nan don shi ne kan gaba. Idan kika kurɓi baƙin shayi mai ƙarfi babu madara zaki ji bakinki ya bushe, harshe yayi kaushi, daidai yadda ɗanyen goro ke yi. Abinda ke faruwa tanin ɗin ne ke kama sinadaran furotin da ke cikin miyau, santsin baki ya tafi. Shi kaɗai ba daɗi. Amma idan kin ci nama mai kitse, maiƙo ya lulluɓe harshe, loma ta biyar ba ta kai ta farko daɗi ba don kin fara ginsa, sai ki kurɓi wannan shayin ya wanke maiƙon, shi kuma maiƙon ya kashe kaifin baurin, ki koma ma naman kamar yanzu kika fara. Shi yasa Buzaye da mutanen Nijar ba sa tashi daga kan gasasshen rago sai an ɗora buta a kurfoti, ba a wata makaranta suka koya ba. Madara kuwa idan kika zuba a shayi, furotin ɗinta ne ke kama tanin ɗin tun a kofi kafin ya iso baki, shi yasa shayi mai madara ke da laushi. Kinga kenan shayi mai madara da balangu asara ce, kin kashe abinda zai wanke maiƙon sannan kin ƙara wani maiƙon a kai.

Shayi duk na duniya, kore da baƙi, daga tsiro ɗaya yake, bambancin yana wajen ƙasar da aka shuka da yadda aka sarrafa ganyen bayan tsinka. Kore ana ba shi zafi da wuri don kada ya sauya, baƙi kuma ana murza shi a bar iska ta shige shi har yayi duhu. Sin ce ta ɗaya wajen noma shi, Indiya ta biyu, Kenya ta uku, kuma Kenya ce kan gaba wajen fitar da baƙin shayi zuwa waje, a Mombasa ake gwanjonshi. An fara shuka shi a can a Limuru a 1903, yanzu kuwa Kericho ce cibiyar. Mafi yawan na Kenya inji ne ke murƙushe ganyen ya yayyaga ya dunƙule shi ƙanana ƙanana kamar tsakin gero, ana ce ma tsarin CTC, a Assam ta Indiya aka ƙirƙiro shi wajen 1930. Irin wannan cikin minti biyu ya riga ya bada launi ja jawur da ƙarfi, shi ne ke cikin yawancin ƴan jakunkunan shayi masu zare da kike gani wajen mai shayi. Na Kenya da na Assam su ne masu ɗaukar madara ba su ɓace ba. Wurinsu na safe ne, burodi da ƙwai, ƙosai, wainar fulawa, fanke. Idan kuma kika bar su baƙi da ƴar siga kaɗan, to sun iya da tsire da dambun nama sosai. Kuma kada ki manta muna da namu na gida, ana noman shayi a Kakara kan tsaunin Mambila a jihar Taraba, shi ne Highland Tea, baƙin shayi ne mai tsafta a baki kuma yana wannan aikin daidai, ni nakan fara neman shi kafin na waje.

Na Siri Lanka wanda har yau ake rubuta Ceylon a kwalinshi duk da an sauya sunan ƙasar tun 1972, shi ne wanda nafi so ki riƙe don walimar nan. A da can kofi, wato gahawa, ƙasar take nomawa, wata cuta ta faɗa ma gonakin kofin daga 1869 ta cinye su, sai aka koma shayi wanda wani ɗan Sikotland James Taylor ya fara shukawa a gonar Loolecondera a 1867. Na kan tudu irin na Nuwara Eliya da Uva da Dimbula yana da haske a kofi, ga wani ɗan ƙamshi mai kama da ɓawon lemu, baurinshi a tsaye amma ba ya da nauyi. Idan na gaske ne da aka ɗura a can zaki ga tambarin zaki riƙe da takobi a kwalin. Wannan shayin da ɗan yankan lemun tsami, ki ajiye shi kusa da soyayyar kaza ko gasasshen zabo ko sambusa da meatpie, zaki ga yadda mutane ke komawa. Kuma yana yin sanyi da kyau, idan walimar da rana ce a bazara ki jiƙa ganyen a ruwan sanyi ki sa a firij awa 6 zuwa 8 ki tace, ruwan sanyi ba ya fito da ɗaci sosai, sai ki samu shayi garau mai sanyi wanda ko siga kaɗan ta ishe shi.

Darjeeling na Indiya kuwa, wanda ake nomawa a gindin tsaunukan Himalaya, tsada gare shi kuma laushi gare shi, shi ne kaya na farko da Indiya ta yi ma rajistar sunan yanki a 2004 don kada kowa ya liƙa sunan a kwalinshi. Gaskiya ba zan baki shawarar shi a taron mutum 150 mai yaji da hayaniya ba, ƙamshinshi ɓacewa zai yi. Idan kin samu ki ajiye ma ƙaramin zama, da cincin marar siga sosai ko gireba.

Sai koren shayin Sin, wanda mu nan muka fi sani da shayin Buzaye, wanda ke shigowa ta Jibiya da Maraɗi da ta wajen Kongolam, zaki ga lambobi a kwalin irin su 3505 ko 41022 ko 9371. Mai 3505 shi ne wanda aka dunƙule ganyen kamar ƴan ƙwallaye, asalinshi lardin Zhejiang, sauran biyun kuma ganyen a lanƙwashe yake siriri. Hanya biyu ake bi da shi kuma ki san wacce kike so. Ta Buzaye a dafa shi ya daɗe a kan garwashi, a zuba siga da yawa, a riƙa ɗaga buta ana tsiyayawa daga sama har yayi kumfa, a sha zagaye uku a ƴan ƙananan kofunan gilashi, na farko mai ɗaci sosai na ƙarshe mai zaƙi. Wannan bayan nama ne, bayan an ci an ƙoshi, ko da kilishi ko soyayyar gyaɗa ko cuku idan an kawo maki daga Nijar, gishiri da maiƙon cukun da ɗacin zagayen farko sun san juna. Kada ki ba mutum shi cikinshi ba komai, yana murɗa ciki. Hanya ta biyu kuma a jiƙa shi kawai ba a dafa ba, ruwa mai zafin digiri 75 zuwa 80, minti biyu, ki tace. Ba sai kina da ma'aunin zafi ba, kofi uku na tafasasshen ruwa ki zuba kofi ɗaya na ruwan randa a kai, kin iso wajen. Wannan zai fito ruwan ɗorawa ɗorawa mai sauƙi, kuma shi ne abokin kifi. Karfasa ko tarwaɗa da aka kawo daga dam ɗin Jibiya ko Zobe aka gasa, ki bada wannan shayin da ganyen na'a-na'a a ciki, yana ɗauke ƙarni daga baki. A Japan ma shagunan da ake cin ɗanyen kifi da shinkafa koren shayi mai zafi suke ajiye ma mutum, duk da nasu turara ganyen ake yi da tururi shi yasa yake ɗanɗanon ɗanyen ganye, na Sin kuma a kasko ake gasa shi.

Yanzu kayan gara, nan ne kusan kowa ke kuskure. Alkaki an tsoma shi a zuma ko ruwan siga, nakiya ga zuma ga man shanu ga kayan ƙamshi, dubulan ma haka, sannan a kawo shayi mai cokali huɗu na siga da madarar gwangwani mai zaƙi. Baƙo zai ci alkaki ɗaya ya ture farantin, ke kuma ki ɗauka bai yi daɗi bane alhali zaƙi ne ya haɗu da zaƙi ya ginshe shi. Duk wanda yaje Makka ko Madina ya ga yadda Larabawa ke yi, gahawa mai kadamom babu siga ko ɗigo, a ɗan ƙaramin finjali, sai dabino a gefe, zaƙin yana cikin dabinon ɗacin yana cikin kofi. Haka zaki yi da alkaki. Baƙin shayi na Ceylon ko na Mambila babu siga ko kuma rabin cokali, ko gahawar kanta idan kin iya haɗa ta. Nasan mutanenmu za su yi ƙorafi da farko, to ki ajiye siga a gefe kowa ya zuba da hannunshi, amma ki ce ma masu rabawa su riƙa cewa a fara gwadawa a haka. Turkawa, waɗanda su ne suka fi kowa shan shayi a duniya idan aka raba da yawan mutane, nasu na yankin Rize ne a bakin Baƙin Teku, ba sa sa mashi madara, buta biyu suke ɗorawa ɗaya kan ɗaya, ta sama mai kaurin shayi ta ƙasa ruwan zafi, kowa a sirka mashi daidai ƙarfin da yake so. Wannan dabarar ki ɗauke ta don taro, fulas ɗaya na shayi mai ƙarfi fulas biyu na ruwan zafi, tsoho mai son ƙaƙƙarfa ya samu, yarinya mai son tsinkakke ta samu.

Nakiya ita tana da citta da kanumfari da masoro a jikinta, don haka kada ki kawo mata shayi mai kayan ƙamshi, abu ɗaya ne sau biyu. Shayin kayan ƙamshi irin namu mai citta da kanumfari da kirfa, wanda Indiyawa ma suke yi da madara su sha da sambusa, ki ba shi abinda ba shi da hayaniya, gurasa, biskit, cincin, funkaso da zuma.

Yaji kuma wani babi ne. Sinadarin da ke cikin barkono da attaruhu yana taɓa jijiyar da ke jin zafin wuta ne a harshe, wadda take farkawa daga wajen digiri 43, don haka idan kika kurɓi shayi mai tururi a kan farfesu mai attaruhu kin ƙara ma wuta fetur ne, kuma bauri yana ƙara kaifin abin. Ruwa ma ba ya wanke shi don a mai yake narkewa ba a ruwa ba. Abinda ke kwantar da shi madara ne da nono da ɗan zaƙi da sanyi. Idan akwai farfesun kayan ciki ko tsire mai yaji sosai, to kunun aya mai sanyi ko kindirmo ko kunun gyaɗa da ya huce sun fi kowane shayi. Anan kam shayi mai madara da ya ɗan sha iska yana da amfani.

Ga masa da miyar taushe da sinasir da shinkafa, wato babban abincin rana, ni zoɓo zan ce. Ba ganyen shayi bane amma shi ne ke da tsami da launi da ɗan bauri gaba ɗaya. A Masar da Sudan karkade suke ce mashi suna shan shi da zafi da sanyi, kuma zoɓon da ake nomawa a Jigawa da Katsina da Kano ana loda shi zuwa Meziko inda suke shan shi da abincinsu mai nama da yaji, mu kuma nan mun mayar da shi ruwan siga mai filebo kala uku. Ki dafa shi da citta da kanumfari kaɗan da ɓawon abarba, ki rage sigar zuwa rabin abinda kika saba, ki bar tsamin ya fito. Masa ta sha mai a tanda, miyar taushe ga gyaɗa ga kabewa ga man ja, tsamin zoɓon ne zai riƙa buɗe baki. Masar da kanta tana da ɗan tsami na kwanan ƙullu, sai su tafi tare. Ruwan tsamiya ma yana wannan aikin idan kina son canji. Abu ɗaya dai, zoɓo da madara ko nono ba sa haɗuwa a kofi ɗaya, tsinkewa madarar ke yi. Fura da nono kuwa ita kanta abinci ce da abin sha, ba ta neman rakiya.

Idan walimar zata kai dare akwai dattawa masu cewa shayi na hana su barci, ki nemi rooibos na Afirka ta Kudu a manyan kantuna, wani tsiro ne daban da ke fitowa a yankin Cederberg, babu kafeyin a cikinshi kuma baurinshi kaɗan ne, ja ne mai ɗan zaƙi na kanshi, yana tafiya da dabino da kek. Idan babu, ganyen lemun tsami ko tsauri da citta sun wadatar.

Maganar ɗanɗanawa da kika ga ana bada maki, masu sayen shayi a kamfanoni suna da ƙa'ida, giram 2 na ganye a mililita 100 na tafasasshen ruwa, minti 6, kowane shayi a kofi iri ɗaya fari. Da gangan suke yin shi da ƙarfi haka don aibin ganye ya fito fili. Ke a gida ki jera kofuna farare, cokalin shayi ɗaya na ganye a kowane, ruwa daidai wa daida, minti huɗu ga baƙi biyu ga kore, babu siga babu madara. Ki fara shinshina jiƙaƙƙen ganyen, idan kika ji warin rima ko na tsohon buhu ki ajiye shi gefe tun nan. Ki duba launin, garau yake ko ya dagule. Sannan ki ɗiba a cokali ki zuƙa da ƙarfi har da ƙara, yadda iska zata watsa shi duk cikin baki ƙamshin ya hau hanci ta baya, ki lura ina ya bushe maki, kuma bayan kin haɗiye ɗanɗanon ya zauna ko ya wuce nan take. Ki fara da mai sauƙi ki ƙare da mai ƙarfi, ki kurkure baki tsakani. Daga nan ki yanko ƴan gutsattsarin abincin da zaki yi ranar, loma ɗaya kurɓi ɗaya sannan ki sake loma, wannan lomar ta biyun ita zaki saurara, idan ta fi ta farko daɗi haɗin yayi, idan abincin ya koma salam ko shayin ya koma ɗaci zalla to a canza. Ki kira yaran aikinki biyu ko uku ku yi tare don baki ya bambanta, kuma kada ki yi gwajin bayan kin ci goro ko kin goge baki da makilin.

Ruwa ma ki kula da shi don yana ɓata shayi mai tsada. Wasu rijiyoyin burtsatse ruwansu na da nauyi, zaki ga wani yanayi kamar fata fata yana yawo a saman kofi kuma launin ya dushe, idan naki haka yake ki yi amfani da fiya wata don shayin walimar. Kuma kada a bar ganye ko jaka a cikin fulas, minti huɗu ko biyar a cire, in ba haka ba kafin a gama addu'ar walima ya zama magani.

Don mutum 150 kada ki wahalar da kanki da kala goma, uku sun isa: zoɓo mai sanyi mai ƙarancin siga tare da masa da shinkafa, baƙin shayi na Ceylon ko Mambila ga nama da kayan gara, sai koren shayi da na'a-na'a ga teburin kifi da kuma rufewa. Idan kofi ɗaya giram 2 ne na ganye, rabin kilo zai baki kofi 250, kinga ba shi ne zai cinye maki riba ba. Mata masu juna biyu da duk wanda likita yace jininshi yayi ƙasa, ki sa a ba su kunun aya ko ruwa da abincin, shayin su jinkirta shi kamar awa ɗaya, saboda tanin yana rage yadda jiki ke ɗaukar sinadarin ƙarfe daga abinci musamman wake da ganye. Ganyen da ya rage kuma ki zuba a gwangwani mai murfi ki nisanta shi da daddawa da kayan miya da turaren wuta, don shayi yana zuƙe duk warin da ke kusa da shi.